Minti Sha Biyar Ranar Laraba

Litinin, 6 ga Mayu

An zaɓi Maigida. A kamfaninsu na rarraba kaya an ware matasan ma'aikata goma sha biyu za a yi musu kwas na koyon shugabanci, duk Asabar har mako takwas. A ƙarshe kowa zai tsaya gaban manajoji ya yi bayanin abin da ya koya, mutum uku su samu sashe na kansu. Tun daga ƙofa ya fara faɗa mini, ko takalmi bai cire ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, to mu talakawa za mu riƙa samun ganinka kuwa?" Ya ce, "Ke dai uwar littattafai, ki taya ni da addu'a." Ya wuce ɗaki ya kira mahaifiyarsa.

Na yi murna, wallahi na yi. Shekara ɗaya da wata biyar da aurenmu. Ba mugu ba ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Shiru ne da shi kawai. Ya dawo, ya ci abinci, ya duƙufa a waya. A littattafan da nake karɓowa haya a shagon bakin layi, namiji yakan tsaya ya dubi mace har sai ta sunkuyar da kai. Nawa idan ya dube ni, makullin babur yake nema.

Asabar, 11 ga Mayu

Ya dawo daga aji na farko da littafin rubutu mai shuɗin bango da biro mai sunan kamfani. Wai malaminsu ya ce shugaba kunne ne kafin ya zama baki. Na yi dariya har na ƙware. Bai ga abin dariya ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Ya dawo wajen ƙarfe shida. Ina kan doguwar kujera da littafi, saura shafi tara a gane ko matuƙin jirgin zai dawo wa yarinyar. Maimakon ya wuce ɗaki, sai ya jawo ƙaramar kujera ya zauna a gabana. Ya ciro wayarsa ya kife ta a kan tebur. Ya kife ta! Ya dubi idona ya ce, "Ina so in ji yadda kwanakinki suke wucewa a gidan nan."

Na zaci wani abu ya faru. Na ce, "Lafiya? Wa ya mutu?" Ya ce babu kowa, in dai yi magana. Na fara kame-kame, shara, wanki, famfon da ke ɗiga. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na yi shiru sai ya ce, "Idan na fahimce ki, yinin yana yi miki tsawo." Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, ban ma san haka ne ba sai da na ji a bakinsa.

Can ya miƙe ya ce mu riƙa yin haka duk Laraba.

Ban ƙarasa shafi taran ba. Matuƙin jirgi ya jira.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na ƙona albasa sau biyu ina murmushi ni kaɗai.

Laraba, 22 ga Mayu

Na dafa shayi na fito da kofuna biyun nan masu zanen ganye da nake ta ajiya. Ya zauna, ya kife waya. Ya ce ya lura gidan nan kullum tsaf yake, kuma bai taɓa gode mini ba. Sannan ya ce yana ganin karatun labarai yana cin lokacina da yawa, mai basira irin tawa ya kamata ta sa wani abu a gaba. Kafin in ji haushi ya ce babu wanda ya iya ba da labari kamar ni, ko zancen famfo na yi sai ya ji kamar yana gani.

Na kira Yaya na ba ta labari. Ta ce, "Wannan mijin naki da sai an matsa cikinsa yake cewa sannu? Ƙanwata, ruwa ba ya tsami banza. Ki duba ko ya fasa miki wani abu ya ɓoye." Yaya ke nan. Shekara goma sha ɗaya da aure, ta ce soyayya ita ce mutum ya tuna ya sayo gas.

Na rage karatu. Awa ɗaya kawai yau.

Laraba, 29 ga Mayu

Yau na faɗa masa.

Ya tambaye ni yaushe na fara karatu haka ba ji ba gani. Na ce tun ina makaranta. Ya yi shiru yana kallona, irin shirun da ke jawo magana daga ciki. Sai na ji bakina yana cewa tun Disamba. Tun da cikin ya zube. Wata huɗu, har na fara jin motsi, ko dai na zaci na ji. Shi a lokacin ya kai ni asibiti, ya sayo magani, ya ce Allah ya ba mu mai albarka, daga nan bai sake ɗaga zancen ba. Ni ma ban sake ba. Na ce masa idan ya fita da safe gidan yana yin wani irin shiru, kuma ɗakin nan ƙarami da muka ce na yaro ne, ba na iya share shi sai da littafi a hannu ɗaya. Na ce a cikin littafi babu abin da ke ɓacewa ba tare da ya dawo a shafin ƙarshe ba.

Na yi kuka har majina. Ya miƙo mini hankici. Ya riƙe hannuna. Ya ce, "Na gode da kika yarda da ni."

Wata biyar ina ɗauke da dutse a ƙirji, yau an taya ni saukewa. Allah na gode maka da mijin nan.

Lahadi, 2 ga Yuni

Na buɗe tagar ƙaramin ɗaki. Na share shi da hannu biyu.

Talata, 4 ga Yuni

Ya manta jakarsa, ya fita da sauri. Na ɗauka zan rataye, shuɗin littafin ya faɗo a buɗe. Ba bincike na yi ba. Ko da yake wa zan yi wa rantsuwa a nan.

A saman shafin, da rubutunsa mai kyau ɗin nan:

"Aikin gida. Zaɓi mutum ɗaya a ƙarƙashinka mai wuyar zaburarwa. Zauna da shi minti sha biyar duk mako. Kife waya. Dubi idonsa. Kada ka katse shi. Maimaita masa abin da ya faɗa."

A ƙasa: "Ba ni da kowa a ƙarƙashina tukuna. Zan gwada a gida. Ma'aikaciya A."

"Mako na ɗaya. Ba ta da buri. Awa huɗu zuwa biyar kullum a karatun da ba ya kawo komai. Tana jin yunwar a saurare ta."

"Mako na biyu. Yabo, gyara, yabo, kamar ƙwai a tsakiyar burodi. Ya yi aiki. Ta rage karatu."

"Mako na uku. An gano tushen matsala: rashin da ta yi a Disamba. Ta yi kuka. Na wuce lokaci da minti tara, a kiyaye gaba."

A gefe da jan biro, rubutun wani daban, na malamin ke nan: "Madalla! Wannan shi ne shugabanci."

Na mayar da littafin yadda yake. Na rataye jakar. Na zauna a ƙasan kicin har rana ta bar taga.

Rashin da ta yi. Ni kaɗai na yi shi ashe.

Laraba, 5 ga Yuni

Na so in ce kaina na ciwo. Amma da shida ta yi sai na ga hannuna yana fito da kofunan.

Ya zauna, ya kife waya. Yau na lura da abin da ban taɓa lura ba: kafin ya dubi idona yana juya agogon hannunsa zuwa cikin tsintsiya, yadda zai gani ba tare da ya ɗaga hannu ba. Ya yabi labulen da na canja. Na zauna ina jiran ƙwan. Ya zo: wai ya kamata in rubuta abu uku da nake son cimmawa kafin ƙarshen shekara. Sai burodi na biyu, wai shayina ya fi na ofis.

Sha biyar cif ya miƙe.

Juma'a, 7 ga Yuni

Abin da ya fi ci mini rai, har yanzu idan ya dube ni haka gabana yana faɗuwa.

Laraba, 12 ga Yuni

Na yi abin kunya. Da ya tambayi burina, sai na ɗauko maganar wata yarinya a littafin da na karanta bara, na ce ina so in zama kamar kogi, in wuce duwatsu ba tare da na tsaya ba. Na faɗa har da lumshe ido. Ya gyaɗa kai da gaske ya ce, "Idan na fahimce ki, kina son ci gaba."

Da ya shiga wanka na duba. Yana nan: "Mako na biyar. Ta fara bayyana buri. Kogi."

Na yi dariya a cikin filo, daga baya ban san lokacin da ta koma wani abu ba.

Asabar, 15 ga Yuni

Na je gidan Yaya. Tana yanke wa autanta farce na zayyana mata komai. Na zaci za ta ce ai na faɗa miki. Ba ta ce ba. Ta sallami yarinyar, ta ce, "To ke me ya fi ƙona miki rai, ƙaryar ko rubutun?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Nawa ko da agogo bai taɓa zama ya ji ni ba. In an ba ni minti sha biyar ɗin ina so, ko na haya ne." Ta yi dariya, amma idonta bai yi ba.

Sai ta ce, "Amma zancen cikin nan ba na kasuwa ba ne. Wannan kam ki tsaya a kai."

A nan na tuna. Ranar ƙarshe zai tsaya gaban manajoji ya karanta rahotonsa. An ce kowa ya zo da iyalinsa.

Laraba, 19 ga Yuni

Na buɗe baki zan yi magana, ya ce, "Ina jin ki," da muryar nan mai laushi. Na ce famfo ya sake ɗiga.

Alhamis, 27 ga Yuni

Jibi ne. Yau na yi.

Yana zaune a tebur yana shirya takardunsa. Na jawo ƙaramar kujerar, na zauna gabansa, na kife wayata. Ya ɗago yana murmushi, ya ce, "Uwar littattafai, yau ba Laraba ba ce."

Na ce, "Ka iya sauraro yanzu, na yaba maka. Na karanta shuɗin littafinka tun daga farko har kogi. Kuma rubutun hannunka yana da kyau ƙwarai."

Ya ɗan jima kafin ya gane. Na ga lokacin da ya gane, kunnuwansa ma sun nuna.

Ya ce ba haka ba ne. Ya ce sauran duk suna da masinja ko direba ko mai shara a ƙarƙashinsu, shi teburinsa kaɗai gare shi, da wa zai gwada? Ya ce babu wanda zai san ni ce. Na ce, "Ni na sani." Ya ce, "Amma ki faɗi gaskiya, tun da muka yi aure mun taɓa hira irin ta makonnin nan?" Ba mu taɓa ba. Wannan ne ya fi zafi, ya soke ni da gaskiya.

Na ce abu ɗaya nake roƙo. Ya faɗi karatuna, ya faɗi rashin burina, ya sa su yi dariya, na yafe. Mako na uku kawai ya cire. Na ce, "Ba na kamfani ba ne. Namu ne, ni da kai."

Ya dafe goshi. Ya ce mako na uku shi ne ƙashin bayan rahoton, shi malamin ya fi yabawa, in ya cire saura ba komai ba ne. Ya ce mutum goma sha biyu, kujera uku. Ya ce don wa yake yi in ba don mu ba.

A ƙarshe ya ce, "Zan duba."

Na goge masa farar rigar da zai sa ranar. Har da wuyan, sau biyu.

Asabar, 29 ga Yuni

Babban ɗakin taro, kujeru sanye da fararen riguna, robar ruwa a gaban kowa, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Manajoji biyar a dogon tebur. Ni ina layi na uku kusa da matar abokin aikinsa, mai fara'a, ta ba ni alewa.

Shi ne na bakwai. Wallahi ya yi kyau. Ya tsaya ƙyam, muryarsa ba ta rawa, mutumin da a da ko gaisuwar baƙi sai na tura shi. Aka haska allo: Ma'aikaciya A. Ya ce ya same ta ba ta da buri, tana kashe yini a littattafan soyayya. Ɗakin ya ɗauki dariya, wani manaja mai tumbi ya ce, "Irin su sun yi yawa!" Ni ma na yi dariya don kada a gane.

Mako na biyu ya wuce. Ya danna, allo ya nuna mako na uku.

Ya tsaya. Ya nemo ni da ido har ya same ni. Na ƙirga numfashina, uku. A littafi nan ne namiji zai ajiye takarda ya ce a yi masa afuwa, akwai abin da ya fi kujera. Na riga na ga yadda zan tashi, yadda mayafina zai zame.

Ya mayar da ido kan takarda ya karanta. Ya sassauta murya, ya ce ta yi rashin cikin wata huɗu, ba ta samu wanda za ta faɗa wa ba sai da shugabanta ya ba ta kunne. Ɗakin ya yi tsit. Matar da ke kusa da ni ta dafa ni ta raɗa, "Allah sarki, baiwar Allah. Ko ina mijinta yake? Ta dai yi dacen shugaba."

Na ce, "Ta yi."

Babbar manaja ta tambaye shi yanzu yaya ma'aikaciyar take. Ya ce tana nan, ta fi da kuzari. Aka tafa. Na tafa.

Ya zo na biyu. An ba shi sashen sito, mutum bakwai a ƙarƙashinsa. A hoto ni na riƙe masa takardar shaida. A hanyar gida, a bayan babur, ya juyo ya ce wani abu, iska ta ɗauke. Ban ce ya maimaita ba.

Laraba, 3 ga Yuli

Shida ta yi, shida da rabi. Ya aiko saƙo, yana zama da ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu yana da na gaske.

Na mayar da kofi ɗaya cikin kwali.

Lahadi, 14 ga Yuli

Mai shagon haya ta tare ni a hanya, wai ko na yi tafiya ne, an kawo sababbi. Na karɓi ɗaya don kunya. Na kai shafi na talatin, inda saurayin ya dubi idon yarinyar ya ce yana jin ta. Na sami kaina ina neman hannunsa, ta ina ya juya agogo.

Littafin yana nan a kan firji.

Laraba, 24 ga Yuli

Ya dawo da wuri, rigarsa duk ƙurar kwali. Ina yanka albasa. Bai jawo kujera ba, a ƙasa ya zauna a bakin ƙofar kicin, ya jingina da bango. Babu jaka, babu shuɗin littafi.

Wai wani dattijo mai kula da kaya a siton, wanda ya shekara ashirin a wurin, ya tsayar da shi a gaban kowa ya ce, "Ɗana, ka daina maimaita mini maganata, ba aku na zo saya ba. In gyara za ka yi, yi gyaranka, ka bar shafa mini mai." Duk suka kwashe da dariya. Direbobi biyu sun nemi a mayar da su wani sashe. Ya ce bai san yadda ake yi ba, duk abin da aka koya musu ya bi, ɗaya bayan ɗaya.

Sannan, yana kallon ƙafafunsa, ya ce, "Ranar da na karanta abin nan a gaban mutane, a nan na fara jin nawa ne. Ina tsaye ina karantawa ina ji. Na ma taɓa zaɓa masa suna, ban faɗa miki ba." Bai iya ƙarasawa ba, ya rufe fuska da hannun riga kamar yaro.

Tun Disamba nake jiran maganar nan. Na sha tsara ta a raina, da irin hasken da zai shigo ta taga, da abin da zan ce.

Na wanke hannu. Na zauna a gabansa. Na kife wayata. Ban katse shi ba ko sau ɗaya. Da ya gama na ce, "Idan na fahimce ka, kai ma kana ɗauke da shi kai kaɗai." Ya kama hannuna da ƙarfi ya ce duk duniya babu mai fahimtarsa sai ni. Na miƙa masa hankici.

Na tausaya masa, Allah ya sani. Ina ganin na tausaya masa.

Minti sha huɗu ya yi. Ba wai na ƙirga ba ne, agogon bangon ne yake daidai saman kansa. Gobe zan matsar da shi wani wuri.